Makero a Kan Yaro: Maganin Sha Ne, Ba Man Birki Ba

Duk wanda ya leƙa makarantar allo ko firamare a Nguru ko Gashuwa, lokacin da yara suka tuɓe huluna, ba zai rasa ganin kai mai farin tabo zagayayye ba, gashin wurin ya kakkarye, fatar ta yi fari kamar an barbaɗa toka. Makero ke nan. Shi ne kan gaba wajen zubar da gashin yara a ƙasashenmu, kuma ya zama ruwan dare har wasu iyaye sun ɗauke shi lalurar ƙuruciya da za ta wuce da kanta. Gaskiya ne yakan ja baya idan yaro ya balaga, domin maiƙon da fatar kai ke fitarwa a lokacin ba ya yi wa cutar daɗi. To amma shekarun da ke tsakani fa? Yaro na susa, abokai na tsokana, ƙannensa na ɗauka.

Ƙwayar cutar dangin funfuna ce, ba tsutsa ba. Tana bin askar wanzami da kilifar mai aski da mataji da hula da ɗankwali da matashin kai. Wani nau'in kuma daga kyanwa ko maraƙi ake samunsa. Saboda haka ɗan gidan da ake wanka safe da yamma ma yana iya kamuwa, kuma bai kamata uwa ta ji kamar an ce mata ƙazama ba.

Abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne ƙwayar ba a saman fata take tsayawa ba. Cikin silin gashi take shiga har saiwarsa, inda man shafawa ba ya kaiwa. Shi ya sa za ka ga an ƙarar da kwalba bayan kwalba daga kemis, tabon ya ɗan lafa ya dawo. Mayukan nan da ake haɗawa da sinadarin steroid sun fi muni, suna kwantar da ƙaiƙayi, cutar kuma na ƙara yaɗuwa a ɓoye. Maganin makeron kai na sha ne. Griseofulvin, wanda likitoci ke amfani da shi tun 1958, ana shan sa kullum har mako 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro, tare da abinci mai maiƙo domin jiki ya karɓe shi sosai: nono, man shanu a tuwo, ko soyayyen kifin da Allah ya hore wa mutanen bakin kogin Yobe. Akwai kuma terbinafine da kan ɗauki kamar mako 4. Inda ake faɗuwa shi ne mako na biyu: susa ta tsaya, uba ya ga ai an warke, a ajiye magani. Sabulun wanke kai mai ketoconazole, sau biyu a mako, yana rage yaɗuwa, har ga sauran yaran gida, amma shi kaɗai ba ya warkarwa.

A Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko babban asibitin Gashuwa ya kamata a auna yaro a rubuta masa adadin da ya dace. A garin da ciwon ƙoda ya riga ya zama abin kuka kamar Gashuwa, ɗura wa yaro magani da ka ba wasa ba ne.

Sai maganar man birki, baƙin mai, ruwan batir da dakakkiyar tafarnuwa da wasu ke shafa wa kan yaro. Waɗannan ƙona fata suke yi, kuma inda tabon ƙuna ya zauna gashi ba ya sake tsirowa har abada. Haka ma idan makero ya kumbura ya yi taushi yana fitar da mugunya: ba maruru ba ne, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Jiki ne ke faɗa da cutar, maganin shan nan yake buƙata da gaggawa.

Ba kowace zubewar gashi ce makero ba. Idan wurin ya yi sumul, babu ƙaiƙayi babu ɓarɓashi, sau da yawa garkuwar jikin yaron ce ta juya wa saiwar gashinsa. A nan ne ake fara zancen sammu da aljanu. Wannan lalurar ba a ɗaukarta daga wani, kuma sau da yawa gashin kan dawo cikin shekara. Kitso mai tsauri yana cinye gaban goshin 'yan mata. Zazzaɓi mai tsanani, irin taifod ko ƙyanda, kan zubar da gashi wata biyu ko uku bayan an warke, ya kuma dawo da kansa. Gashin da ya yi ja ya yi laushi yana tsigewa da an taɓa, musamman ga yaro mai rama ko kumburin ƙafa, alamar tamowa ce, ranar nan za a kai shi asibiti.

Ni dai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sunan da ake laƙaba wa yaro. “Mai makero” a bakin 'yan aji abu ɗaya ne, a bakin yayarsa ko gwaggonsa a tsakar gida wani abu ne daban. Yarinya 'yar shekara 8 da aka aske mata kai ana gobe Sallah ta san abin da ta rasa, ko ba ta faɗa ba. A gaya mata sunan cutar, a gaya mata tana warkewa, a bar ta ta zaɓi ɗankwalinta. Aske kan ma ba dole ba ne idan ana shan magani, haka hana yaro makaranta. A ware masa hularsa da matajinsa, a wanke shimfiɗa da ruwan zafi, mai hali ya sayi kilifar gida. Gashi kuwa kusan santimita 1 yake tsirowa a wata, don haka ko an kashe cutar, kitso sai ya jira wasu watanni.