Daga Kasuwa Zuwa Ƙofar En'e: Wasannin Kwaikwayon Malam Aminu Kano

A nan Rafin Guza, in aka ambaci Malam Aminu Kano, jam'iyyun NEPU da PRP ne ke faɗo wa dattawa a rai. Kaɗan ne ke tuna cewa a cikin garin nan na Kaduna ya fara wasa alƙalaminsa, yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wadda aka taso da ita daga Katsina a 1938. Kuma da wasan kwaikwayo ya soma.

Wasansa na farko-farko, "Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?", raha ce zalla a bisa. Baƙauye ya shigo birni da ɗan abin hannunsa, 'yan kasuwa su yi masa wayo, 'yan kallo su ƙyaƙyace. Macucin a nan talaka ne ɗan'uwan wanda aka cuta, saboda haka babu mai mulkin da zai ji an taɓa shi. To amma a "Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya" sai yatsan ya ɗaga sama, ya nuna hakimai da yadda ake tatsar manomi. Karin magana ce har yanzu ke yi wa saƙon lulluɓi. Da ya zo kan "Gudumar Dukan En'en Kano" kuwa, lulluɓin ya faɗi, sunan wasan kaɗai ya faɗi wanda ake nufi, wato En'e, hukumar mulkin gargajiya. Ka tuna fa, mai wannan rubutu ɗan gidan malamai da alƙalai ne, ya san En'e ciki da bai.

A ganina salon bai tsaya nan ba, dandali kawai ya sauya. Bayan koyarwa a Bauchi da Maru, ya ajiye alli a 1950 ya shiga siyasa gadan-gadan, ya kwashi habaici da ba'a da kwaikwayon masu sarauta ya kai su filin lacca, inda 'yan kallonsa suka zama talakawan da a da yake rubutu a kansu. Irin wannan tafiya ta kusantar talakawa marubuci Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya yi, daga Turanci zuwa harshen Kikuyu, har aka tsare shi a 1977.

Abin da ke ci mini rai shi ne, yau da wuya ka samu waɗannan wasanni a shagon littafi. Ina kira ga Gidan Mambayya a Kano da Gidan Arewa a Kaduna su nemo abin da ya saura, su buga, ɗalibanmu su hau dandali da su.