Kogi a Bakin Ƙofa, Agogo a Kwatano

Wanda ya san garuruwan bakin Kogin Kwara ya san yadda yara ke tsunduma cikin ruwa da la'asar kamar a ciki aka haife su. Malanville na cikin irin waɗannan garuruwa. Tana can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, tana kallon Gaya ta Nijar a ɗaya ƙetaren, ga kuma kogin Sota da ke zuwa ya zuba a Kwara kusa da ita. Dandawa da Sarkawa da Hausawa da Zabarmawan wannan yanki sun daɗe suna ci daga ruwa, ta hanyar su da fito da noman shinkafa. Don haka idan aka ji Benin ta tura mace gasar ninƙaya ta Olamfik, hankali kan ba mutum cewa ai daga irin wannan gari ya dace a riƙa samun gwanaye. Harkar ba haka take tafiya ba. Masu zaɓen tawagar ƙasa ba sa tambayar ko yarinya ta iya ruwa. Abin da suke tambaya shi ne sakan nawa ta yi, a wane tafki, wa ya riƙe agogo, kuma a ina aka rubuta. Yarinyar da ba ta da lokaci a rubuce, a idon hukuma ba ta taɓa shiga ruwa ba, ko da kuwa tana ƙetare Kwara kullum.

Salon iyon da za a yi magana a kai a nan shi ne wanda za a iya kira salon ganin dama, domin doka ta bar wa mai iyo ta yi yadda take so. Sharuɗɗan kaɗan ne: ta taɓa bango a ƙarshen kowane tsawo, kada ta yi tafiya a ƙasan tafki, kanta kuma ya fito saman ruwa kafin ta wuce mita 15 bayan tashi ko juyi. Amma da yake salo ɗaya ya fi kowane sauri, kusan kowa shi take yi, wato a kifa ciki, hannuwa na juyawa bi da bi, ƙafafu na bugun ruwa, ana ɗaukar numfashi ta gefe. A Olamfik mata na fafatawa a mita 50 da 100 da 200 da 400 da 800 da 1500, ban da tseren karɓa-karɓa. Tun 1912 a Stockholm aka buɗe wa mata wannan fage, inda Fanny Durack ta Ostareliya ta ci mita 100, amma sai a wasannin Tokyo na 2021 aka ba su mita 1500, Katie Ledecky ta Amurka ta lashe.

Iyon kogi da iyon gasa sana'o'i biyu ne da suka yi tarayya a ruwa kawai. Ɗan kogi kansa a sama yake, yana duban inda ruwa ke ja da inda kwalekwale ke tahowa, kuma gaskiyarsa ce, tunda iya ruwa fid da kai. Sai dai ɗaga kai na sa ƙugu da ƙafafu su nutse, jiki ya zama kamar ƙyauren da ake turawa cikin ruwa. Mai gasa kuwa fuskarta a cikin ruwa take, jikinta a shimfiɗe, tana fitar da iska a ƙasa tana shaƙa a gefe ba tare da ta karya tafiyar ba. Ga tsalle daga dakalin tashi, ga juyi a bango da tunkuɗa da ƙafa, ga sanin inda hannu zai sauka a ƙarshe. Duk waɗannan sai da bango da layi da mai horarwa a tsaye, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: yawancin manyan gwanayen duniya tun suna firamare suka fara, sannan suka shafe shekaru suna iyon gomman kilomita a kowane mako.

A taƙaice, ƙofar shiga Olamfik iri biyu ce. Babbar ita ce lokacin cancanta da hukumar wasannin ruwa ta duniya, World Aquatics, wadda aka sani da FINA kafin ƙarshen 2022, ke tsayarwa. A wasannin Paris na 2024, sai mace ta yi mita 50 cikin sakan 24.70 ko ƙasa da haka, mita 100 kuma cikin 53.61, a tafkin mita 50, a gasar da hukumar ta amince da ita, cikin wa'adin da aka ware. Ko da mata goma sun cika sharaɗin a ƙasa ɗaya, biyu kaɗai za a ɗauka a kowane tsere. Shi ya sa a Amurka gasar fidda gwani ta cikin gida ke da zafi kamar Olamfik ɗin kanta, domin wadda ta zo ta uku da ratar ƙiftawar ido za ta iya kallon tserenta a talabijin. Don a gane nisan abin, Sarah Sjöström ta Suwidin ta yi mita 50 cikin 23.61 a Fukuoka a 2023, ta kuma ci zinare a Paris da 23.71. A wannan mataki ɗaya bisa ɗari na sakan ke raba mutane, shi ya sa allon lantarki a jikin bango ke tsayar da agogo, ba yatsan alƙali ba.

Ƙaramar ƙofar ita ce ta shafe mu. Ƙasar da ba ta da wanda ya kai lokacin cancanta, ana ba ta gurbin namiji ɗaya da mace ɗaya, bisa sharuɗɗan da suka haɗa da halartar gasar duniya da ta gabata. Ta nan Benin ta tura Gloria Koussihouede Athens a 2004 da Beijing a 2008, ta tura Laraïba Seibou Rio a 2016, ta tura Nafissath Radji Tokyo, inda ta kasance cikin biyun da suka riƙe tutar ƙasar ranar buɗe wasanni. Ta nan Nijar ta tura Mariama Souley Bana a 2008, da Nafissatou Moussa Adamou a 2012, da Roukaya Moussa Mahamane a Rio da Tokyo. A lura da sunayen: Laraba, Nafisa, Mariyama, Rukayya. Irin sunayen da ake kira ne a kowace unguwa ta Malanville da Gaya, abin da ke nuna cewa wasan bai gagari ’ya’yan gidajenmu ba.

Ma'anar wannan ga yarinyar Malanville ita ce ba Sjöström aka ce ta kayar ba kafin ta sa rigar ƙasarta. Abin da ke gabanta shi ne ta zama mafi sauri cikin matan Benin da hukumar ninƙaya ta ƙasa ta san lokacinsu, kuma a ’yan shekarun nan wannan na nufin sauka ƙasa da sakan 30 a mita 50. Aiki ne ja, amma yarinya mai lafiya da ta samu horo na shekaru za ta iya hango shi. Cikas ɗin shi ne agogon da ake aunawa da shi, da kulob-kulob da alƙalai da gasannin ƙasa, duk sun taru a kudu, a Kwatano da kewayenta, tafiyar fiye da kilomita 700 ta Kandi da Parakou. Uban da zai saki ’yarsa mai shekara goma sha biyu ta yi wannan tafiya don iyo, ya biya mota da masauki, ba shi da yawa, kuma ba laifinsa ba ne. Idan tawagar ƙasa na fitowa daga lungu ɗaya, to ƙasar ba ta san gwanayenta ba, ta san dai waɗanda ke kusa da tafki. Sai an gwada akan san na ƙwarai, arewa kuwa da wuya a gwada ta.

Akwai masu cewa wannan gurbi sadaka ce kawai, a kai yarinya ta zo ta ƙarshe duniya na kallo. Sukan tuna da Sydney a 2000, lokacin da Eric Moussambani na Equatorial Guinea ya yi mita 100 shi kaɗai cikin minti 1 da sakan 52.72, bayan an kori abokan tserensa biyu saboda riga busa, ɗayansu Karim Bare na Nijar. An yi dariya a lokacin, gaskiya ne. Amma a bi lambobin da suka biyo baya. Macen Benin ta yi mita 50 cikin kimanin sakan 37 a 2008, ta 2016 ta yi kimanin 33, ta Tokyo ta taɓa 30. A Nijar an tashi daga sama da 40 a 2008, aka sauko 37, sannan 35, sannan 32. Sakan bakwai ko takwas a tseren da bai kai minti ba, tazara ce mai girma. Gurbin ya sa ƙasashen nan sun ga dalilin riƙe hukuma, da shirya gasa, da rubuta lokaci, kuma kowace yarinya ta tarar da lambar da za ta kora.

Wasu kuma za su ce tunda ga kogi, a yi gasar a cikinsa mana, kamar yadda Kabawa ke tseren iyo da na kwalekwale a bikin kamun kifi na Argungu. A matsayin hanyar gano yara masu ƙarfin hali da numfashi, wannan shawara ce mai kyau. Sai dai lokacin kogi ba ya zama hujja, domin ruwan da ke gudu yau ba shi ne na gobe ba, na damina kuma daban da na rani. Ga tsargiya da ke kama masu yawan zama a ruwan da ke da katantanwa, ga dorina a wasu wurare. Hatta tseren kilomita 10 na buɗaɗɗen ruwa da aka sa a Olamfik tun 2008, ’yan tafki ne ke cinye shi. Sharon van Rouwendaal ta Holan, wadda ta ci zinare a Rio ta sake ci a kogin Seine a Paris, ta taɓa samun lambobin yabo na gasar duniya a tafki kafin nan.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi. Garin da ke fama da ambaliya, da matsalar tsaro a yankin, da kasuwar da rufe iyakar Nijar ya girgiza, ina shi ina tafkin iyo? Da don lambar zinare kawai za a gina, da mai wannan magana ya yi gaskiya. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yankin Afirka ne ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, ƙetarewa ta koma kan kwalekwale, cike da mata ’yan kasuwa da goyo da kaya. A al'adar wuraren nan yaro namiji kan ci gaba da wasa a kogi har ya girma, ita kuwa yarinya da ta fara tasawa sai a janye ta, ta koma zuwa bakin ruwa don wanki da ɗiba kawai. Ranar da jirgi ya kife, ita ce ke cikin haɗari fiye da kowa. Tafki mai mita 25 da ke koya wa ɗaruruwan ’yan makaranta yadda za su tsaya a saman ruwa ya riga ya biya kuɗinsa, ko bai fitar da gwana ko ɗaya ba. Gwanar daga cikin wannan taro take fitowa, kamar yadda ake samun hafiza daga cikin masu yawa da suka fara da allo.

Batun sutura kuma bai kamata a yi masa kwana-kwana ba. Dokar gasar tafki ta duniya, tun daga 2010, ta ce rigar mace kada ta rufe wuya, kada ta wuce kafaɗa, kada ta sauka ƙasa da gwiwa. Gidaje da yawa a Malanville ba za su yarda ’yarsu ta fito haka a bainar jama'a ba, kuma duk mai son wasan da ya raina wannan damuwa ya kashe maganar tun kafin a fara. Amma koyo da horo ba sa bukatar rigar gasa. Ana iya ware sa'o'in mata zalla, a katange wurin, mace ta koyar, a sa rigar iyo mai rufe jiki. Malamai kan kawo maganar da ake jinginawa ga Sayyadina Umar ta a koya wa yara iyo da harbi da hawa, ruwa kuwa ba ya tambayar wanda ya faɗa cikinsa ko namiji ne. Dokokin ma suna motsi: a Ingila, tun 2017 hukumar ninƙaya ta halatta rigar da ke rufe jiki a gasanninta na cikin gida saboda addini. Hukumar Benin ma na da ikon yin haka a gasannin yara. Wadda ta kai matakin fita waje, ita da iyayenta ne za su yanke shawara, kuma gara a ce suna da shawarar da za su yanke.

Akwai gajeriyar hanya da ƙasashen yankin ke bi, wato ɗauko ’ya’yansu da suka tashi a ƙetare. Abiola Ogunbanwo, wadda ta samu horonta a Ostareliya, ta yi wa Nijeriya mita 100 cikin sakan 59.74 a Tokyo, ta zama mace ta farko da ta sauka ƙasa da minti ɗaya da sunan ƙasar. Haƙƙinta ne, ƙoƙarinta ne kuma. Sai dai abin da lokacinta ya tabbatar shi ne ingancin tafkunan Ostareliya, bai ƙara wa yarinyar Yawuri ko ta Malanville komai ba. Abin da zai ƙara mata ƙarami ne a kan takarda: tafkin da aka auna tsawonsa, ruwan da ake tacewa, mace ɗaya ko biyu masu takardar horarwa, da alƙalan hukuma da za su hau mota daga Kwatano sau ɗaya ko biyu a shekara da agogonsu, su rubuta sunaye da lokuta su koma da su. Lokacin tafkin mita 25 ba ya kai mutum Olamfik, amma ya isa ya sa a kira yarinya gasar ƙasa, inda za a auna ta a mita 50 tare da ’yan kudu.