Duwatsun Bauchi: Tsibiran da Ke Jiran Masu Digiri na Uku

A kowace shekara jami'o'in Turai da Amurka kan fitar da sanarwar neman ɗaliban digiri na uku da za su yi bincike kan tsirran tsibirai: yadda suka isa can, yadda suka sauya bayan sun isa, da dalilin da ya sa wasunsu ba a samunsu a ko'ina sai a wurin. Ɗalibin kimiyyar tsirrai a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, idan ya ci karo da irin wannan sanarwa, yakan wuce abinsa. A ganinsa, ina ruwan ɗan Bauchi da tsibiri, shi da teku ke nesa da shi tafiyar yini guda a mota? Ni kuwa ina ganin ɗan Bauchi na cikin waɗanda suka fi cancantar shiga wannan fage, domin tsibiran suna nan kewaye da garinsa.

A wurin masana, tsibiri ba lallai sai ruwa ya kewaye shi ba. Duk wurin da halittun cikinsa ba za su iya rayuwa a abin da ke zagaye da su ba, tsibiri ne. Dutsen Zaranda da ke kan hanyar Jos, da duwatsun Mbula na ƙasar Dass, da fale-falen da suka warwatsu a gefen gari, kowannensu na tsaye shi kaɗai a tsakiyar gonaki. Ciyawar da ta saba da tsurar dutse ba ta iya gogayya da ciyayin gona, saboda haka gonar dawar da ke tsakanin dutse da dutse ta zame mata teku.

Ginshiƙin wannan ilimi littafi ne da Robert MacArthur da Edward Wilson suka wallafa a 1967. Sun ce abu biyu ke yanke yawan nau'o'in halittun da tsibiri zai riƙe: girmansa da nisansa daga babbar ƙasa. Na kusa yakan samu baƙin iri a kai a kai, ta iska ko ta tsuntsaye. Ƙarami kuwa yakan yi saurin rasa abin da yake da shi, domin fari ɗaya ko gobara ɗaya ta isa ta shafe nau'i ɗungurum. An lura cewa tsibirin da ya ninka wani sau goma a faɗi yakan ɗauki kusan ninki biyu na nau'o'in halittu. Tsibirin Krakatau na Indonesiya, wanda aman wuta ya ƙone ƙurmus a 1883, ya ba masana damar kallon dawowar tsirrai tun daga tokar farko har ya sake zama kurmi.

Abin da ya fi jan hankali shi ne abin da ke faruwa bayan iri ya sauka ya zauna. Manomi ya san cewa geron da aka daɗe ana zaɓar irinsa a ƙasa mai ƙarancin ruwa yakan bambanta da wanda aka raina a inda damina ke da tsawo. A tsibiri, ƙasa da iska da rana ne ke yin zaɓen, cikin dubban ɗaruruwan shekaru. A Hawai, wani ƙaramin tsiro da ya samo asali daga Kalifoniya kimanin shekaru miliyan 5 da suka wuce ya rarrabu zuwa nau'o'i kusan 30, wasu bishiyoyi, wasu masu yaɗo, wasu dunƙulallu a kan tsaunuka. A tsibirin Sawo Tome, kudu da gaɓar Najeriya, akwai wata begoniya da ke kai mita 3 a tsayi, alhali 'yan uwanta a tukwanen ado ake shuka su.

Wanda ya hau falalen dutse a watan Maris zai rantse babu mai rai a kansa. Zafin dutsen da tsakar rana yakan wuce maki 50, tafin ƙafa ba ya iya taka shi. A gefen gangara za a ga wani baƙin dandazon ciyawa, a bushe ƙayau, idan ka murza ta sai ta zama gari a hannunka. Ba ta mutu ba. Ruwan farko na sauka, cikin 'yan kwanaki sai ta koma kore. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ciyayi, wadda masana ke kira Afrotrilepis pilosa, ta shahara a duwatsun Afirka ta Yamma har da na Najeriya. Tana shimfiɗa saiwoyinta a kan tsurar dutse, tana tara ƙura da ruɓaɓɓen ganye har ta yi wa kanta ƙasa. A 'yan kwarmin da ruwa ke kwanciya kuma, wasu ƙananan tsirrai kan tsiro, su yi fure, su zubar da iri kafin kwarmin ya ƙafe. A tsagar dutse ne hano da kukkuki da ɓaure ke cusa saiwa. Tsiron da ya iya bushewa ya farfaɗo yana ɗauke da sirrin da masu neman irin shuka mai jure fari ke nema ruwa a jallo.

Hanon nan, mai ɓawo kamar takarda da ƙaro mai ƙanshi, sunansa na kimiyya Boswellia dalzielii, an raɗa masa ne don tunawa da John Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa ya kuma fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Bincike kan tsirran duwatsu kuwa ya fi karkata wasu wurare: David Hambler ya yi rubutu kan na yammacin Najeriya a 1964, Jamusawa biyu, Stefan Porembski da Wilhelm Barthlott, sun yi aiki mai yawa a Kwaddibuwa kafin su haɗa babban littafinsu na shekarar 2000. Masana ma'adinai sun riga sun kai sunan garinmu duniya, domin Farfesa Mosobalaje Oyawoye ya yi nazarin wani nau'in dutse na nan wanda ake kira bauchite. Ya kamata masana tsirranmu su yi wa abin da ke tsirowa a kan dutsen irin wannan hidima.

Tambayoyin da za su cika kundin digiri na uku suna da yawa. Shin babban dutse ya fi ƙarami nau'o'in tsirrai daidai da lissafin MacArthur da Wilson? Ciyawar da ke Zaranda da ta Mbula har yanzu suna musayar iri, ko kowace ta kama gabanta tun da daɗewa? Gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA, yana iya amsa wannan daga ɗan busasshen ganye. Wa ke ɗaukar iri daga dutse zuwa dutse: iska, jemagu, birai ko rema? Tsofaffin maharba da masu maganin gargajiya na ƙauyukan gindin dutse sun san sunan kowane tsiro da lokacin furensa, kuma ɗalibin da ke jin harshensu ya riga baƙon mai bincike nisa.

Akwai misalin da za a yi koyi da shi. A kurmin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila a Jihar Taraba, Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury da ke Niyu Zilan ta kafa aikin bincike tun farkon shekarun 2000. Guntayen kurmin da ciyawa ta raba su ne tsibiransu, kuma 'yan Najeriya da dama sun yi digiri na biyu da na uku ta wannan hanya: aikin daji a gida, aikin ɗakin gwaji a waje. Tallafin DAAD na Jamus da na ƙungiyar Commonwealth na karɓar irin wannan tsari, malaman jami'a kuma suna da ƙofar TETFund. Abin da masu ba da gurbi ke dubawa shi ne ko mai nema ya iya tantance tsiro, ya iya busar da samfur yadda ma'ajiyar tsirrai ta Ibadan za ta karɓa, ya iya lissafi da manhajar R, ya kuma zo da tambaya tasa ta kansa. Duk waɗannan ana iya fara koyonsu daga harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Yelwa ko ta Gubi tun a digiri na biyu.

Sai dai lokaci ba ya jira. Gari na faɗaɗa, gini na cin tsakuwa, masu fasa dutse na aiki ba dare ba rana, awaki da wutar daji na cinye abin da ya rage. Dandazon ciyawar da ya ɗauki shekaru aru-aru yana tara ƙasarsa, yini ɗaya ake kankare shi. Aiki na farko da sassan nazarin tsirrai na jami'o'inmu za su sa a gaba shi ne su zaɓi duwatsu manya da ƙanana a kewayen Bauchi, su ƙidaya abin da ke kan kowanne a damina da rani, su adana samfur tare da sunansa na Hausa da na harsunan mutanen wurin.