Tumaki Da 'Ya'yansu Cikin Tsananin Ɗari

Duk mai kiwon tumaki ya san abin da hunturu ya kan yi masa. Tunkiya ta haihu da tsakad dare, gari ya waye a tarar da ɗan a sandare a gefen garke. Wani ya ce iska ce ta buge shi, wani ya ce kwanansa ne ya ƙare, sai a jefar, a yi haƙuri. Amma fa ragon layya ne aka jefar, ko uwar garke ta gobe. Saboda haka makon nan za mu ba ku labarin makiyayan wata ƙasa inda ɗari ya fi namu nesa ba kusa ba, mu ga abin da wahala ta koya musu.

Cikin shekarar 1947 aka yi wani ɗari a Birtaniya wanda har yau ana ba da labarinsa. Dusar ƙanƙara, watau ƙanƙara mai laushi fara fat kamar auduga, ta fara zuba wajen ƙarshen Janairu, ba ta ɗauke ba sai tsakiyar Maris. Hanyoyi suka toshe, jiragen ƙasa suka tsaya, ciyawa ta ɓace ƙarƙashin ƙanƙara. An ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tumakin ƙasar suka halaka. A watan Maris na 2013 kuma aka sake yin irinta a Wales da Ayalan ta Arewa da arewacin Ingila, daidai lokacin da tumaki su ke haihuwa, aka yi asarar dubun dubatarsu.

Tumakin kan duwatsu a can, in iska ta taso, su kan raɓe a bayan katangar dutse. Nan kuwa iska ta ke tara ƙanƙara, har ta binne su. Sai makiyayi ya fita da karensa da doguwar sanda, kare na shinshinawa, shi yana soka sanda, in ya ji laushi ya haƙa. A kan sami waɗansu da rai ko bayan kwanaki. Amma abin da makiyayan suka lura shi ne, ramammiyar tunkiya ita ta ke fara mutuwa, in kuwa ta tsira, sai ta yi ɓari ko ta haihu ba nono. Kun ga ashe ɗari ba shi kaɗai ya ke kisa ba, yunwa ce ta ke buɗe masa ƙofa.

Cikin tunkiya wata biyar ne, wajen kwana 147. Yawancin girman ɗan, kusan kashi 70 cikin 100, a makonni shida na ƙarshe ya ke yinsa. A lokacin kuma cikin ya danne tumbin uwar, ba ta iya cin abinci da yawa. Don haka makiyayan Birtaniya su kan ware masu tsohon ciki, su ƙara musu abinci mai ƙarfi, musamman masu ɗauke da tagwaye. Tunkiyar da aka bari da yunwa a wannan lokaci ta kan kamu da wani ciwo, ta ware daga garke, ta daina ci, ta yi ta dimuwa kamar makauniya, daga nan ta kwanta. In ta kwanta, da wuya ta tashi.

Shi ɗan tunkiya a jiƙe ya ke zuwa duniya, jikinsa kuma ƙarami ne, nan da nan iska ta ke kwashe masa ɗumi. Allah ya yi masa guzuri, wani irin kitse a jikinsa wanda ya ke ƙonawa ya sami zafi. Amma guzurin ba shi da yawa, cikin sanyi bai fi na sa'a biyar ba. Abin da zai maye gurbinsa shi ne dakashi, nonon farko mai kauri. Dakashi abinci ne, rigakafi ne kuma, domin a cikinsa ne uwa ta ke ba ɗanta abin da zai yaƙi cuta da shi. Hanjin ɗan kuwa a sa'o'in farko ya fi karɓar wannan rigakafi, bayan kwana ɗaya ƙofa ta rufe. Ƙa'idar da likitocin dabbobi suka bayar ita ce mililita 50 ga kowane kilo na nauyin ɗan a sha na farko, da mililita 200 ga kowane kilo cikin yini da kwana na farko. Ɗan da ya kai kilo 3 ke nan yana bukatar mililita 150 tun da fari, kusan cikin ƙaramin gwangwanin madara.

A Sikotilan akwai wata ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi kusa da Edinbura, sunanta Moredun. Masananta sun yi aiki ƙwarai a kan 'ya'yan tumakin da sanyi ya kama, makiyaya kuma suna bin hanyarsu. Zafin jikin lafiyayyen ɗan tunkiya digiri 39 zuwa 40 ne. In ya sauka ƙasa da 37, rai na cikin haɗari. Ɗan da bai kai sa'a biyar ba, a goge shi ya bushe, a ɗumama shi, sa'an nan a ba shi dakashi. Wanda ya wuce sa'a biyar kuwa guzurinsa ya ƙare, in aka ɗumama shi da yunwa sai ya yi ta shure-shure ya mutu. Shi abinci ya ke fara bukata. In yana iya ɗaga kai yana haɗiya, a ba shi nono tukuna. In ba ya iyawa, allurar ruwan gulukos a kan yi masa a ciki kafin a ɗumama shi, wannan kuwa aikin wanda aka koya wa ne.

Suna da wata tsohuwar dabara kuma. In tunkiya ta rasa ɗanta, ga kuma wani maraya, sai su feɗe mataccen su sa wa marayan fatar kamar riga. Da yake tunkiya da hanci ta ke gane ɗanta, in ta shinshina sai ta yarda ya sha. Bayan 'yan kwanaki a cire fatar.

To, mu nan ba mu da dusar ƙanƙara. Amma tumakinmu, 'yan ƙasa da uda da balami, gashi gare su, ba su da ulu mai kauri irin na Turai, 'ya'yansu kuma sun fi na can ƙanƙanta. Iskar Disamba da Janairu da asuba ta isa ta kashe ɗan da ya kwana a jiƙe, balle a wurare masu tudu kamar Jos da Mambila. Hunturu kuma shi ne lokacin da ciyawa ta bushe. Ga abin da ya kamata kowa ya yi.

Na farko, a tanadi harawa tun da kaka, ta wake da ta gyaɗa, a ɗora ta a rumfa inda rana ba za ta cinye ta ba. Masu tsohon ciki a ƙara musu dusa da kowar wake da 'ya'yan gawo, ko ƙulin angurya in ana samu, da ɗan gishiri ko kanwa. Ruwa kada ya yanke musu don ana sanyi, gama tunkiyar da ba ta sha ba ba ta kawo nono.

Na biyu, a kafa zana ko danga a gefen da iska ta ke fitowa, watau arewa maso gabas, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Kada a toshe ɗakin ruf, domin zaurin fitsari da ƙura su ke kawo ciwon huhu. Kada kuma a hura wuta kusa da zana a tafi a kwanta, garke da yawa sun ƙone ta haka.

Na uku, tunkiyar da hantsarta ta cika a kawo ta kusa da ɗaki, a riƙa leƙa ta da dare. In ta haihu a bar ta ta lashe ɗanta, in ta ƙi a goge shi da tsumma ko buhu. A tsoma cibiyar cikin aidin. A ɗan tatsa kowane nono a tabbata ya buɗe, a tsaya kuma sai an ga ɗan ya sha da idon mutum.

Na huɗu, ɗan da ka gani ya takure, ya gantsare baya, cikinsa a lotse, sa yatsa a bakinsa. In ka ji ɗumi yana tsotsa, kai shi ga nono. In ka ji sanyi ba ya tsotsa, naɗe shi ka shigar da shi ɗaki mai ɗumi, kada ka kara shi da wuta. Kada ka ɗura wa wanda ba ya haɗiya nono, zai bi ta huhu ya kashe shi. Nemi malamin dabbobi maza.

Na biyar, cutar nan mai sa majina da zawo, wadda likitoci su ke kira PPR, ta kan yi ɓarna ƙwarai da hunturu. Akwai allurar rigakafinta, ana yin ta a ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom. Kowa ya tambayi ofishin dabbobi na yankinsa tun ɗari bai kama ba. Tunkiyar da aka sayo daga kasuwa kuma a ɗaure ta dabam na wajen mako uku kafin a haɗa ta da sauran.

Duk cikin waɗannan ba abin da ya fi ƙarfin talaka, sai dai tashin dare, shi ne mai wuya. Amma wanda ya jure barin bargo na 'yan kwanaki, shi zai ja rago zuwa kasuwa in layya ta matso. Allah ya ba mu sa'ar kiwo, amin.