Yadda yarinyar da ta haihu za ta iya kammala karatun sakandare a Alakos

A ƙaramar hukumar Alakos, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, yarinyar da ta kai kwaleji ta riga ta tsallake shingaye da dama. Sau da yawa aure ko ciki ne ke tsayar da ita. Binciken lafiya da yawan jama'a na shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Iyaye da yawa sun ɗauka cewa daga ranar da aka ɗaura aure, ƙofar makaranta ta rufu ke nan. A doka ba haka abin yake ba.

A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya 'yar makaranta da tallafa mata, sannan a 2019 aka biyo da ƙa'idojin aiwatar da ita. Ƙa'idojin sun ba yarinyar da ta yi aure ko ta sami ciki damar ci gaba da karatu, da komawa aji bayan ta haihu. Saboda haka matakin farko shi ne a je wurin shugaban makaranta tun cikin bai tsufa ba, a sanar da shi, a nemi ya rubuta ranar da ɗalibar za ta dawo. Idan aka yi shiru har sunanta ya fita daga rajista, mayar da shi yakan yi wuya.

Ana yawan tambaya ko ba za a iya yin karatun ta intanet daga gida ba, kamar yadda ake yi a Amurka da Faransa. Gaskiyar magana, wannan hanya tana buƙatar layi mai ƙarfi, da lantarki, da kuɗin sayen kiredi kowane mako, kuma ƙauyukan karkara ba kasafai suke da ukun a haɗe ba. An ga haka a 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu: karatu daga nesa bai isa ga yawancin yaran ƙauye ba. Ban da haka, jarrabawar BEPC da ake yi bayan shekara 4 a kwaleji, da ta bakaloreya bayan shekara 3 a lise, duka a zauren jarrabawa ake rubuta su. Duk wanda ya ce zai sayar muku da takardar shaida ta waya, damfara ce.

Amma akwai hanya mai sauƙi da mutane ba su cika sani ba. Wadda ba ta iya zuwa aji kullum tana iya yin rajistar jarrabawa a matsayin mai zaman kanta, abin da ake kira kandida libir. Tana karatu a gida a lokacin da ya yi mata, bayan ta shayar ko bayan an gama aikin gida, sai ta zauna jarrabawa tare da kowa a ƙarshen shekarar karatu. Ana rufe rajista watanni kafin jarrabawar, don haka a tambayi ofishin kula da makarantun sakandare na Gure tun farkon shekara. Za a nemi takardar haihuwa. Wadda ba ta da ita sai ta nemi hukuncin kotu da ke maye gurbinta, kuma wannan yana ɗaukar lokaci.

A nan ne waya take da amfani. Ranar kasuwa, ko duk inda layi ya samu, ana iya sauke darussa da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, a ajiye su a katin waya, a karanta ba tare da intanet ba. Ƙaramin faifan hasken rana ya isa cajin waya da fitila. Malami ko tsohuwar abokiyar aji na iya aiko da hoton darasi ta WhatsApp, a mayar masa da aikin ya duba. Lissafi da Faransanci su ne suka fi wuya ga mai karatu ita kaɗai, don haka ya kyautu 'yan mata biyu ko uku su haɗu, su nemi malami ya zauna da su sau ɗaya a mako.

Gidan kwanan 'yan mata na Kelle, wanda yake cikin na farko a shirin da aka faɗaɗa zamanin shugaba Mohamed Bazoum, ya rage wa ɗalibai wahalar nisa, sai dai irin wannan tsari bai dace da mai goyo ba. Ita abin da take buƙata shi ne wanda zai riƙe mata jariri na sa'o'i biyu ko uku a rana. Wannan kuwa shawara ce ta cikin gida, shi ya sa ya kamata a zauna da miji da uwar miji kafin a biya kuɗin rajista, a kuma tsayar da wanda zai karɓi yaron a kwanakin jarrabawa, musamman idan cibiyar tana nesa da gida.