Maganin Damuwar Yau da Kullum

Babu ɗan Adam da ba ya damuwa. Manomi ya kan damu in ruwa ya yi jinkiri. Mai sayar da tumatir ta kan damu in kasuwa ta ƙi. Uba ya kan damu in lokacin biyan kuɗin makaranta ya zo, aljihu kuwa babu kome. A wannan darasi za mu duba abu uku. Na fari, abin da damuwa ke yi wa jiki. Na biyu, yadda za mu natsu sa'ad da ta taso. Na uku, yadda za mu bambanta abin da mu ke iya gyarawa da abin da sai dangana.

Damuwarmu a Narayi

Narayi tana kudu da kogin Kaduna, maƙwabtaka da Barnawa, ba nisa kuma da Kakuri. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri, zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Daga baya waɗansu masaƙu suka biyo. Dubban mutane daga ƙasashe dabam dabam suka zo neman aiki, suka zauna a unguwannin kudancin kogi. Masaƙar nan ta fari ta rufe a 2002. Wata babba kuma, wadda aka kafa a 1964, ta tsayar da aiki a 2007. Magidanta da yawa suka wayi gari babu albashi.

Rikicin da aka yi a Kaduna a 2000 da 2002 ya sa iyalai masu yawa sun bar gidajensu, sun sake unguwa. Har yanzu akwai waɗanda gabansu kan faɗi in sun ji ihu a titi. A watan Mayu na 2023 kuma gwamnati ta janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Kuɗin mota ya hau, kuɗin masara ya bi shi.

Mun kawo waɗannan ne domin mu san cewa damuwarmu tana da dalili. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya damu ba rago ba ne, kuma bai kamata a yi masa dariya ba.

Abin da ke faruwa cikin jiki

A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama. In mutum ya ga haɗari, ƙwaƙwalwa ta kan aika mata da saƙo nan da nan. Sai ta zuba waɗansu sinadarai cikin jini. Likitoci suna kiran ɗaya adiranalin, ɗaya kuma kotisol. Zuciya sai ta shiga bugawa da sauri. Numfashi ya gajarce. Jijiyoyin wuya da na kafaɗa su ɗaure. Ciki ya dakata da niƙa abinci.

Wannan shiri yana da amfani. In ka ga kububuwa a kan hanyar gona, shi ne zai sa ka yi tsalle tun kafin ka yi tunani. Da macijin ya wuce, jiki ya kan koma daidai.

Ga inda wahala ta ke. Jiki ba ya bambanta maciji da tunanin bashi. In ka kwanta da dare kana tuna mai gidan haya, zuciyarka za ta buga kamar ka taka maciji. Shi kuwa bashi ba ya wucewa cikin minti ɗaya. Sai jiki ya zauna a ɗaure, yau da gobe, wata da watanni. Wani likita mai suna Hans Selye ya yi bayani a kan wannan tun 1936. Ya nuna cewa wahalar da ta daɗe ta kan gajiyar da jiki, har ta jawo cuta.

Alamun da mu kan gani su ne ciwon kai, da ciwon wuya, da rashin barci, da rashin jin daɗin abinci, da yawan mantuwa, da saurin fushi. Labarin zuciya a tambayi fuska. Sau da yawa yara da matar gida su ne ke fara shan wahalar fushin nan, alhali ba su yi laifin kome ba.

Natsuwa

Hankalin mutum ya kan yi yawo. Wani lokaci ya koma jiya, yana cewa, "Da na sani." Wani lokaci ya tsallaka gobe, yana cewa, "Yaya za a yi?" Natsuwa ita ce mu komo da hankali inda jikinmu ya ke, mu lura da abin da ke gabanmu a wannan sa'a.

Ku tuna da ruwan kogi da damina, yadda ya kan yi ja saboda laka. In an ɗebo shi a tulu aka yi ta motsawa, ba zai taɓa washewa ba. In an ajiye shi wuri ɗaya, laka ta kan kwanta da kanta. Haka zuciya ta ke.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Musulmi sun san natsuwa cikin salla da zikiri. Kirista sun san zaman shiru cikin addu'a. A 1979 wani malamin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya fara koya wa marasa lafiya irin wannan natsuwa a asibitin jami'ar Massachusetts a Amurka. Darasinsa na mako 8 ne. Daga nan asibitoci a ƙasashe da yawa suka ɗauka.

Ga hanyoyi uku da kowa zai iya, ba a biyan ko kwabo.

Hanya ta fari, numfashi. Zauna a kan tabarma ko kujera, ka miƙe bayanka. Ɗora hannu ɗaya a kan cikinka. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4, har ka ji ciki ya tashi. Sa'an nan ka fitar da ita a hankali kana ƙirga 1 zuwa 6. Yi haka sau 10. Dalilin da ya sa fitarwa ta fi tsawo shi ne, duk sa'ad da mu ke fitar da numfashi zuciya ta kan rage gudu. Babban mutum mai lafiya ya kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Da wannan hanya za ka mai da shi wajen sau 6.

Hanya ta biyu, duba abin da ke kewaye da kai. Wannan tana da amfani a kasuwa, ko cikin mota in an sami cunkoso a kan gada. Taka ƙasa sosai, ka ji ta a tafin ƙafarka. Faɗi abu 5 da ka ke gani, ko da a zuci. Faɗi abu 3 da ka ke ji da kunne. Faɗi abu 1 da hancinka ke shaƙa. Hankalin da ya tafi yawo sai ya komo gida.

Hanya ta uku, aiki ɗaya a lokaci ɗaya. In kina tankaɗe, ki lura da motsin rariya da laushin gari. In kana shan kunu, ka ji ɗuminsa da tsaminsa. In yaro yana yi maka magana, ka ajiye waya ka dube shi.

Lalle hankali zai sake gudu, ko da bayan numfashi uku ne. Wannan ba kasawa ba ce. Makiyayi ba ya fushi don akuya ta ratse, ya kan koro ta ne kawai. In ta ratse sau 20, ya koro ta sau 20. Korowar nan ita ce aikin. A fara da minti 5 da safe, minti 5 kafin barci. Sannu ba ta hana zuwa.

Me ya sa ba a korar tunani da ƙarfi?

Mu gwada wani abu a aji. Kowa ya rufe ido. Na minti ɗaya, kada kowa ya tuna da farin rago. To, me ya faru? Farin ragon ya cika mana kai. Wani malami a Amurka, Daniel Wegner, ya yi irin wannan gwaji da ɗalibai a 1987. Ya tarar cewa tunanin da aka danne ya kan komo, har ya fi da yawa.

Saboda haka cewa mutum, "Ka daina tunani," ba ta cika yin amfani ba. Abin da ya fi shi ne a kira abin da sunansa. Ka ce a ranka, "Ga tsoro ya zo," ko kuwa, "Ga tunanin bashi ya zo." Ka lura da inda ka ke jinsa, ko a ƙirji, ko a ciki, ko a wuya. Ka yi numfashi a hankali, ka bar shi ya zauna kamar baƙon da ya shigo zaure. Ba sai ka yi kokawa da shi ba, ba kuwa sai ka bi umurninsa ba. Ka ci gaba da aikinka. Baƙo ya kan tashi in lokacinsa ya yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani ɗan littafi mai hotuna a 2020, wanda ke koyar da irin waɗannan hanyoyi. An kuma gwada su a ƙasar Yuganda, tsakanin mata kusan 700 waɗanda suka gudo daga yaƙin Sudan ta Kudu. Matan da aka koya wa sun fi sauran samun sauƙin damuwa. Yaƙi bai ƙare don sun koya ba, amma nauyin da ke zukatansu ya ragu.

Dangana da ƙoƙari

Wani zai ce, "Watau mu naɗe hannu ke nan?" A'a. Haƙuri dabam, kasala dabam. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Yanzu da mun iya rubutu, ga aikin da za mu yi. Ɗauki takarda, ka ja layi a tsakiya daga sama zuwa ƙasa. A dama ka rubuta, "Abin da ke hannuna." A hagu ka rubuta, "Abin da ba ya hannuna."

A ce wata mace tana da bashin kuɗin haya na wata 3. A hagu za ta rubuta tsadar fetur, da halin mai gida, da abin da maƙwabta za su ce. A dama za ta rubuta: in je in gai da mai gida tun bai aiko ba, in roƙi a raba mini biya kashi 3, in shiga adashi, in rubuta abin da na ke kashewa kullum. Na hagu sai dangana da addu'a. Na dama kuwa sai ta zaɓi ɗaya ta yi shi yau. Ɗaya tak ya isa. Gobe ta ɗauki na biyu.

Mutane da yawa su kan ƙarar da ƙarfinsu a kan layin hagu, har su rasa na yin aikin dama. Takardar nan ita ke nuna mana inda za mu sa ƙarfinmu.

Abubuwan da ke taimako

Barci. Babban mutum yana bukatar sa'a 7 ko fiye. A rage goro da shayi mai ƙarfi bayan la'asar. A ajiye waya kafin a kwanta.

Motsa jiki. Tafiyar ƙasa ta minti 30 ta kan sassauta jikin da ya ɗaure.

Zumunci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka sami amini, ko dattijo, ko liman, ko fasto, ka gaya masa abin da ke ranka. In kuwa kai aka gaya wa, ka saurara, ka riƙe amana.

Abin da za a guje wa shi ne giya, da wiwi, da ƙwaya irin su taramol, da maganin tari mai kodin. Su kan kwantar da damuwa na dare ɗaya, da safe ta tashi da 'ya'ya. Saboda ɓarnar da kodin ya yi wa samari da mata, gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018.

Lokacin zuwa asibiti

Waɗannan hanyoyi na damuwar yau da kullum ne. Akwai wadda ta fi ƙarfinsu. A tafi wurin likita in baƙin ciki ya wuce mako 2 bai ɗaga ba, ko mutum ya kasa aiki, ko ya daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa. In ƙirji na ciwo, ko kai na sarawa kullum, a je a auna jini, gama hawan jini ba ya cika nuna alama. In kuwa wani ya ce ya gaji da duniya, yana so ya kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti a ranar.

Mu a Narayi abin ya zo mana da sauƙi. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana Barnawa, kusa da mu. Zuwa can ba abin kunya ba ne, kuma ba ya nufin mutum ya haukace. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1958. Dokar nan ta kare mutuncin mai irin wannan ciwo, ta ba shi haƙƙin a yi masa magani kamar kowane majiyyaci.

Iyayenmu sun ce haƙuri maganin zaman duniya. Shi ma haƙurin koyonsa a ke yi, kamar yadda mu ka koyi baƙi da wasali, kaɗan kaɗan, kullum. Allah ya ba mu lafiya da kwanciyar rai.

Tambayoyi

1. Faɗi alamu 4 na damuwa a jiki.
2. Don me fitar da numfashi ya kamata ya fi shaƙa tsawo?
3. Me gwajin farin rago ya koya mana?
4. Ja layi a takardarka, ka rubuta abu 3 a dama, abu 3 a hagu. Wanne za ka fara yau?
5. Yaushe ya kamata a kai mutum asibiti?