Ramammen Dokin Karo: Yadda Za a Ciyar da Shi Har Ya Murmure

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, man fetur ya yi tsada, wutar lantarki da ruwan famfo suka riƙa yankewa, sai nauyin sufuri ya koma kan dawakai da jakuna. A Umdurman su ke jan gangar ruwa zuwa gidajen Umbadda da Sawra, su ke ɗauko buhunan albasa da gawayi daga kasuwa, wani lokaci ma a kan karo ake kai mara lafiya asibiti. Aiki ya ƙaru, abincin dabbobi kuwa ya yi wuya, shi ya sa ake yawan ganin dawakai da haƙarƙari a waje.

Lafiyar doki tana taɓa lafiyar iyali kai tsaye. Idan doki ya kwanta, kuɗin cefane ya tsaya, ruwa mai tsabta ya daina isowa gida, mutane su koma ɗiban duk ruwan da suka samu. Waɗanda suka ga ɓarkewar kwalara a jihar Khartum cikin Mayun 2025 sun san abin da hakan ke haifarwa. Wannan takarda tana bayanin yadda za a mayar wa ramammen doki da jikinsa. Ginshiƙan aikin biyu ne: a fara gano abin da ya ramar da shi, sannan a ƙara masa abinci sannu a hankali, ciyawa kafin hatsi.

Yadda ake auna rama

A shekarar 1983, Don Henneke na Jami'ar Texas A&M a Amurka ya fitar da ma'aunin jikin doki daga lamba 1 zuwa 9, wanda likitocin dabbobi ke amfani da shi har yau. Lamba 1 ita ce dokin da ya zama fata da ƙashi, 9 mai ƙiba fiye da kima. Abin da ake so shi ne 5, wato ba a ganin haƙarƙari da ido amma ana jin su idan an shafa.

Ku tsaya a gefen dokinku da safe, ku shafa wuya, da kafaɗa, da haƙarƙari, da gadon baya, da gindin wutsiya. Idan haƙarƙari kaɗai ake ɗan gani, rama ce mai sauƙi. Idan ƙashin baya ya fito, ƙasusuwan ƙugu suka yi tsini, wuya ya sirance, to rama ta yi tsanani, kuma wannan doki yana da tasa hanyar ciyarwa dabam.

Sanin nauyin doki yana taimakawa wajen auna abinci da magani. Da tef ɗin tela, ku auna zagayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba, sannan tsawon jiki daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Ku ninka zagayen ƙirji da kansa, ku ninka da tsawo, ku raba da 11,880. Dokin da ƙirjinsa ya kai 160, tsawonsa 150, nauyinsa wajen kilo 320 ne.

A nemi dalili kafin a sayi hatsi

Sau da yawa doki yana samun abinci amma jikinsa ba ya amfana da shi. Abu na farko da za a duba shi ne baki. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa shekara da shekaru, gefen matauni ya yi kaifi ya riƙa yankar kumatu da harshe. Alamar hakan ita ce doki ya riƙa zubar da dunƙulen ciyawa daga baki, ko a ga ƙwayar dawa ta fito a kashinsa ba a tauna ba. Likitan dabbobi yana goge kaifin da magogi, doki ya koma cin abinci sosai.

Na biyu tsutsar ciki. Gashi ya tashi ya daina sheƙi, ciki ya yi girma alhali jiki a rame. Ana ba da maganin tsutsa irin su ivermectin gwargwadon nauyin doki. A nemi wanda aka yi don dawakai, a duba ranar ƙarewar wa'adinsa. Idan rama ta yi tsanani, a bari likita ya tsayar da lokacin ba da shi, domin mutuwar tsutsotsi masu yawa lokaci guda tana iya tayar da ciwon ciki ga dabbar da ba ta da ƙarfi.

Na uku cututtukan jini da kaska da ƙudaje masu cizo ke yaɗawa. Ku ɗaga leɓen doki ku dubi dasashi. Idan ya yi fari ko rawaya, ga zazzaɓi, ko fitsari ya yi duhu, ƙarin abinci ba zai warkar da shi ba, sai an gwada jini an ba da magani.

Akwai kuma miki a baya ko ƙirji daga gugar kayan karo, da ciwon kofato, domin dabbar da ke jin zafi ba ta cin abinci yadda ya kamata. Dokin da aka saka yana kiwo a juji yana haɗiyar leda. Wanda ake zuba wa abinci a ƙasa yana haɗiyar rairayi, ya taru a hanji ya kawo zawo da ciwon ciki. A riƙa zuba abinci a komi ko rabin ganga, ko a shimfiɗa buhu.

Dokin da rama ta yi wa tsanani

A nan ne masu dawakai suka fi yin kuskure. Mutum ya ga dokinsa ya lalace, tausayi ya kama shi, ya cika masa kwano da dawa. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya riga ya ƙarar da wasu gishirin jiki da zuciya da numfashi ke dogara da su. Idan hatsi ya shiga kwatsam, sukari ya hau a jini, ɗan abin da ya rage na waɗannan gishiri sai ya bar jini ya shige cikin tsoka. Cikin kwana uku zuwa biyar doki yana iya faɗuwa ya mutu, alhali mai shi yana ganin ya fara samun sauƙi.

Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada hanyoyin ciyar da dawakan da yunwa ta galabaitar, suka ga busasshen barsim ya fi dacewa, saboda yana da abubuwan gina jiki masu yawa, sitaci kuwa kaɗan. Tsarin da suka ba da shi ne:

- Kwana uku na farko: wajen rabin kilo na busasshen barsim duk bayan awa huɗu, dare da rana.
- Daga kwana na huɗu zuwa na goma: a riƙa ƙara yawan kowane ci, ana rage yawan lokutan, har ya kai kusan kilo biyu duk bayan awa takwas.
- Bayan kwana goma: a bar shi ya ci barsim iyakar ƙoshinsa.

A duk wannan lokaci ba a ba da dawa, ko gero, ko dusa. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa kullum, kuma kada a ɗaura masa karo. Idan dokin ƙarami ne, a ɗan rage ma'aunin. Inda barsim ya gagara, harawar gyaɗa ko ta wake mai tsabta, wadda Hausawa suka saba ciyar da dawakai da ita tun a Kano da Katsina, ita ce ta fi kusa da shi.

Ɗanyen barsim da ake kawowa kasuwa daga gonakin bakin Nilu kusan kashi huɗu cikin biyar ruwa ne, saboda haka kilo huɗu zuwa biyar na ɗanye ke daidai da kilo ɗaya na busasshe. A baza shi a inuwa ya sha iska. Dami da aka tara wuri guda har ya ɗumama yana kumbura ciki.

Dokin da ramarsa ke da sauƙi

Dokin aiki yana bukatar busasshen abinci da ya kai kashi biyu zuwa biyu da rabi cikin ɗari na nauyinsa a kowace rana. Ga doki mai kilo 300, wannan kilo shida ne zuwa bakwai da rabi, kuma aƙalla kilo huɗu da rabi daga ciki ya zama ciyawa, barsim, ko harawa. Tumbin doki ƙarami ne, an halitta shi ya riƙa ci kaɗan-kaɗan tsawon yini. Saboda haka a tafi da damin ciyawa a kan karo, a ba shi duk lokacin da aka tsaya jiran lodi ko layin ruwa.

Hatsi ƙari ne a kan ciyawa. A fara da tafin hannu biyu, a riƙa ƙarawa cikin kwana goma zuwa mako biyu, kuma kada ci ɗaya ya wuce kilo ɗaya. Ƙwayar dawa tana da tauri, gara a ɓarza ta ko a jiƙa ta na 'yan awowi, amma a zubar idan ta yi tsami. Dusar alkama, wadda ake kira radda, tana da amfani, sai dai idan ita kaɗai ake bayarwa wata da watanni tana raunana ƙashi. Haɗa ta da barsim yana gyara wannan. Tunkuzar gyaɗa, wato ambaz, tana gina tsoka, kwata zuwa rabin kilo a rana ya isa. A fasa ta a duba, a shinshina: wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, ga dabba da mutum duka.

Man gyaɗa ko na riɗi yana ƙara ƙiba ba tare da haɗarin hatsi ba. A fara da cokali biyu a cikin dusa, a kai rabin kofi zuwa kofi ɗaya cikin mako biyu zuwa uku. A ƙara cokali biyu na gishiri kullum, musamman daga Afrilu zuwa Yuni lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Kanwa ba ta maye gurbin gishiri, kuma yawanta yana sa zawo.

A kiyaye da abubuwa biyu. Ɗanyen Abu Sab'in da sauran dangin dawa, idan suna ƙanana ko sun sake toho bayan fari, suna ɗauke da guba. A ba da wanda ya girma ko ya bushe, kuma kada ya zama shi kaɗai ne abincin doki. Abincin kaji da na shanun kiwo kuma ba na doki ba ne, domin wasu ana zuba musu magungunan da ke kashe doki ko da kaɗan ya ci.

Ruwa da hutu

Dokin da ke aiki a zafin Umdurman yana shan jarka biyu zuwa uku masu lita 20 a rana. Dokin da ƙishirwa ta dama ba ya cin abinci, kuma abin da ya ci yana iya toshe hanji. Babu laifi a ba dokin da ya yi gumi ruwa. A ba shi duk inda aka tsaya, a kuma kwara masa a jiki. A mayar da aiki mai nauyi zuwa sassafe da yamma, a rage lodi, a sa tsumma mai laushi da tsabta a ƙarƙashin kayan karo, a nemi inuwa da tsakar rana.

Hutar da doki asarar kuɗin yini ne, kuma kowa ya san halin da gidaje ke ciki. Amma hutun mako biyu ya fi sauƙi a kan sayen wani doki a kasuwa. Masu karo na unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi dusa da barsim a sari, su kuma riƙa karɓar wa juna kwastomomi idan dokin ɗaya yana jinya. Tun da ciyawa ce tushen murmurewa, ba sai an ɗebi dawar da yara za su ci an ba doki ba.

Tsabtar gida da lokacin kiran likita

A kafa turke nesa da randa da murhu. A kwashe kashi kowace rana, domin yana tara ƙudaje, yana mayar wa doki da ƙwan tsutsa, kuma ƙwayar cutar sarƙe-haƙora tana zama a cikinsa. Wanda ya ji rauni a wurin turke ya wanke da sabulu ya je a duba shi a asibiti. Bokitin doki ya zama dabam, kada a tsoma shi a gangar ruwan sha, kuma a wanke hannu bayan an taɓa miki.

A gaggauta neman likitan dabbobi idan doki ya ƙi ci yini guda, ko yana birgima yana waiwayen cikinsa, ko ya daina kashi, ko zawo ya wuce kwana biyu, ko ƙafafu da ƙasan ciki sun kumbura, ko ya kwanta ya kasa tashi.

Dokin da ya rame sosai yana bukatar wata uku zuwa biyar kafin jikinsa ya dawo. Ku ɗauki igiya ku zagaya ƙirjinsa da ita, ku ƙulla alama, ku sake aunawa duk bayan mako biyu. Idan wata guda ya wuce igiyar ba ta matsa ba, akwai dalilin da ba a gano ba tukuna, sai a koma a sake duba baki, da kashi, da jini.